Ƙararrawar Ɗan Goggo

"…Gajiya kuwa ta bi lafiya. Ina yaran? Ina maigidan naki, yana nan yana haƙuri da ke?"

"Yana nan yana godiyar Allah da ya same ni. Kai, tsaya daga nan! Wannan warin fa? Kai ne, ko wani abu ne ya mutu a ƙarƙashin motar nan?"

"Ƙamshin wanda ya ci hanya da ƙafarsa kenan. Ke da kullum ɗaukarki ake yi a sauke kamar buhu, ina za ki san shi?"

"Buhun dai ya fi ka gata, ko ba komai ana ba shi wuri a mota. Dube ka don Allah, ka bushe, ka yi baƙi, wuya kamar muciya. Wallahi in Goggo ta buɗe ido ta gan ka a haka, cewa za ta yi a mayar mata da bandejinta."

Mai Keke ya yi dariya, amma maganar ta soke shi, don ta taɓa ainihin abin da ya kawo shi tashar nan da sanyin safiya. Shi malamin firamare ne, kuma duk dogon hutu sai ya ɗaure jaka a bayan kekensa ya bi hanya gari gari, ba fatauci ba ziyara, tafiya kawai. Wannan karon ya yi nisa ƙwarai, sai ga waya daga gida: an yi wa mahaifiyarsa aikin yanar ido, gobe da safe za a kwance bandeji, ita kuwa tsohuwar ta kafe cewa babu mai taɓa mata fuska sai ɗanta na tsaye a gabanta. Likitan baƙo ne, da ya gama gobe zai wuce wani asibitin. A keke kuwa ko Mai Keke ya taka har ƙafafunsa su guntule, sai ya fi mako bai isa ba. Shi ya sa ya ratso garin da 'yar kawunsa take aure, mai saro atamfa, wadda ta san kowane direba da sunan mahaifinsa. Ita ma za ta je duba goggonta. Tun suna yara ba su taɓa haɗuwa an rabu ba a yi tsiya ba, ga shi yau Allah ya haɗa su a mota ɗaya, tafiyar yini guda cur.

"Malam, kawo keken in hau da shi," in ji kwandasta.

"Ka hau da shi ina?"

"Sama mana, wajen kaya."

"Kaya? Wa ya ce maka kaya ne? Ka yanka masa tikiti, ya zauna kusa da ni."

'Yar Kawu ta tafa hannu. "Jama'a ku zo ku ji bawan gidanmu! Ka yanka masa tikiti, in an tsaya cin abinci ma sai ka saya masa shayi. Malam kwandasta, rabu da shi, ɗan goggona ne, tun yana ƙarami kansa ya bugu da turmi."

Kwandasta ya saɓi keken ya haye da shi. Mai Keke ya tsaya a ƙasa yana tsalle-tsalle kamar wanda ake yi wa ɗansa allura.

"A hankali! Kar ka kwantar da shi ta ɓangaren sarƙa! Kai, janye katifar nan daga kan ƙararrawa! Igiyar nan za ta karce masa fenti!"

"Wane fenti? Wannan keken da ya girmi direba?"

"Ke, keken nan ya je inda ke ko a mafarki ba ki je ba."

"Ai na san inda ya je. Ya je ya kwashe maka tsokar mazaunai kaf, ya bar ka da ƙashi. Wuce mu shiga."

Ta shige gaba ta mamaye kujerar taga, ta jera jakarta da gorar ruwa da ƙullin ledoji a cinya, ta bar masa ɗan gefe. Ya zauna ɗofane, ƙafa ɗaya a ciki ɗaya a hanyar wucewa, ido na kan ƙofa. Kujerar ta yi masa laushi da yawa, rufin ya yi masa ƙasa, ga warin mai da na turaren mutane sun haɗu sun toshe masa hanci. Da injin ya tashi, sai ya dubi ƙullin da ke cinyarta.

"Ledojin nan fa na mene ne?"

"Naka ne."

"Nawa? Me zan yi da su?"

"Kai ka sani, ni ma na sani." Ta juya wajen wata dattijuwa da ke bayansu, ta ɗaga murya yadda har 'yan kujerar ƙarshe za su ji. "Mama, kin ga wannan? A gida ana ta kuranta shi, wai jarumi, wai ya zaga duniya a kan keke. Ƙarya ne! Mota yake tsoro. Ko a tsaye take in ya shiga sai ya yi amai. Muna yara babana ya ɗauke mu a mota, ba mu fita unguwa ba ya cika masa hula taf."

"Sharri ne! Ke ce kika ba ni ruɓaɓɓen mangwaro."

"Na biyun fa, da ka yi a jakar Goggo?"

"Wannan zazzaɓi nake yi."

"Na ukun, a cinyar amaryarka, ranar da za ku zo gaida mu?"

Motar ta kwashe da dariya. Dattijuwar ta ce Allah sarki, ta miƙo masa lemon tsami ya riƙa shinshinawa. Ya karɓa don girmanta, yana harare-harare.

Da suka fita gari, sai jikinsa ya ƙi yarda cewa ba a kan keke yake ba. In mota ta sha kwana, sai ya kwanta gefe har kafaɗarsa ta daki 'Yar Kawu. In za a karya dama, sai hannunsa ya miƙe da kansa ya kusa tsole idon wani ɗan kasuwa. Ƙafafunsa kuwa ba su tsaya ba, sama ƙasa, sama ƙasa, suna taka fedar da babu ita. In ya hangi akuya a bakin titi, babban ɗan yatsansa sai ya hau danna bayan kujerar gaba yana neman ƙararrawa.

"Wai me kake ƙaiƙayi ne? Ƙuma ka kwaso?"

"Ina taya direba ne."

"To ya gode. Zauna."

Suka iso wani dogon tudu, motar ta fara nishi. Kafin kowa ya ankara Mai Keke ya miƙe tsaye, ya kama ƙarfen kujera da hannu biyu, ya sunkuyar da kai yana danna ƙafa da ƙarfinsa, har kansa ya gwaru da ma'ajin kaya na sama.

"Inna lillahi! Me kake yi?"

"Tudu ne, ba a hawansa a zaune."

"Direba, kashe injin ka huta, bawana ya karɓi aiki! Wallahi da na sani da na ɗaure maka igiya a ƙugu ka ja mu, a rage mana tsadar mai."

Ya koma ya zauna yana shafa ƙeya. Abin da ya fi ci masa rai ba dariyar ba ce. Ta tagar da ta hana shi yana hango mutane a gonaki, mata da tulu, wani tsoho zaune a gindin bishiya, duk suna wucewa fiu fiu. Ya leƙa ta saman kanta ya ƙwala wa wani manomi gaisuwa, "Sannunku da aiki!" Kafin manomin ya ɗago kai, sun bar shi can baya.

"Kin gani ko? Ko amsawa bai samu ya yi ba. Wannan ba tafiya ba ce, jifa ce. An ɗauke mu an wurga. Da a keke ne, da na tsaya, da na sha ruwansa, da na ji ko shukarsa ta yi."

"Da kuma ka cinye masa abincin rana. Ai na ji labarinka, duk garin da ka shiga sai sun ɓoye tukwane."

"Ni? Akwai garin da na shiga, sai da aka tashi kasuwa don a kalle ni."

"Sun ɗauka mahaukaci ne ya tsinke."

"Na taɓa tsere da jirgin ƙasa, na riga shi isa."

"Wanda ya lalace a daji ko?"

"Akwai gangaren da na sauka, inuwata ma sai washegari ta iso."

"Ta ji warinka ne ta ja baya. Ni da kake gani, babu ramin da ke hanyar nan da ban sani ba. Direban nan ma ni na koya masa tuƙi."

"Shi ya sa yake faɗawa cikin kowane ɗaya."

Ya ji daɗin wannan amsar, har ya buɗe baki zai ƙara. Sai motar ta faɗa wani ramin na gaske, cikinsa ya taso har maƙogwaro. Ya miƙa hannu. Ta zare leda ɗaya ta sa masa. Sai da ya gama, ya ɗago da jajayen idanu, ta ba shi ruwa ya kuskure baki, sannan ta ce, "Ta ɗaya kenan. Kar ka damu, na sayo da yawa."

Rana ta yi tsaka, tsiya ta ƙare masa. Ya gwada rufe ido, abin ya ƙaru. Ya gwada kallon takalmansa, ya fi muni. Ya tambayi kwandasta saura nisa nawa, ya sake tambaya, ya sake, har mutumin ya daina juyowa. Duk sanda aka yi tsalle sai ya ji wani ƙiris daga saman rufi, ƙararrawar kekensa ce take bugawa ita kaɗai, sai zuciyarsa ta tsinke. Kuma duk allon da suka wuce mai nuna sun ƙara kusa da gida, maimakon ya ji sauƙi sai ƙirjinsa ya ƙara matsewa. Ya san wannan ba aikin warin mai ba ne, amma bai so ya tsaya ya duba ko mene ne.

Bayan azahar direba ya ratse wani gidan mai don a yi salla a ci abinci. Mai Keke ne farkon sauka. Ƙasa ta riƙa lilo a ƙarƙashinsa. Ya yi alwala, ya yi salla, ya zauna a bakin kwalbati yana kallon titin da ya miƙe fes, ga iska tana kaɗawa daga baya, irin wadda mai keke yake roƙon Allah ya ba shi. Sai kawai ya tashi ya sami kwandasta.

Da 'Yar Kawu ta fito daga wajen masu shayi, biredi a hannu, sai ta tarar da keke a ƙasa, mai shi durƙushe yana matsa taya da yatsa.

"Wannan kuma fa?"

"Iska nake dubawa."

"Ka duba ta a sama mana. Wa ya sauko da shi?"

"Ki wuce kawai. Zan biyo ku a baya."

"A baya? Ranar da jikokinka za su yi aure za ka iso?"

"Akwai gajeriyar hanya ta cikin ƙauyuka. In na taka ba tsayawa…"

"In ka taka ba tsayawa, ungulu ce za ta kai wa Goggo saƙonka. Kai, ɗan Goggo, rabin hanya fa muka yi. Mutumin da yake koya wa yara lissafi!"

"Ba zan iya komawa cikin akwatin nan ba. Hanjina ya ƙare, saura in amayo huhu."

"Amayo shi, akwai leda."

Direba ya danna hon. Fasinjoji suka fara hawa, wasu suna leƙowa ta taga suna jiran su ga yadda za ta ƙare. Mai Keke ya ɗaure jakarsa a bayan keke, ya kwance, ya sake ɗaurewa. 

'Yar Kawu ta dube shi da kyau. Ta ajiye biredin a kan sirdin, ta riƙe hannun keken.

"Ba motar kake gudu ba."

"Cika mini keke."

"Na ƙi. Ni da na san ka tun kana fitsarin kwance? Amai ka yi shi ka gama, yanzu ko ruwa babu a cikinka. Faɗa mini abin da yake korarka."

Ya sunkuyar da kai yana kallon feda. Hon ya sake tashi, wannan karon mai tsawo.

"Tsoro nake ji," ya ce, muryarsa ta yi ƙasa. "Wallahi tsoro nake ji. In aka kwance bandejin nan, ta juyo inda nake, ta ce ina yake, ban ga komai ba fa? Ina tsaye a gabanta? Ina zan sa kaina? Ke ba kya gidan, ba ki ganinta tana lalube bango tana neman buta. Ni ko kallon hakan ba na iya yi."

"Shi ya sa da an yi hutu sai ka haye keke."

Bai musa ba.

"To bari in gaya maka abin da ta ce mini a waya, ni da ba ni ta haifa ba. Ta ce, shekara da shekaru ƙararrawa kawai nake ji. Ƙirrr a ƙofar gida, ya dawo. Ƙirrr, ya tafi. Ta ce, rabona da fuskar yaron nan tun gemunsa yana baƙi, yanzu an ce mini ya yi furfura, ni ban yarda ba. Na gaji da ɗan da ake ji da kunne, ina so in ga mai ƙararrawar. Don kai ta yarda aka sa mata wuƙa a ido, matar da ko allura sai an danne ta."

Idanunsa suka kawo ruwa. Ya juya kai wajen famfon mai kamar akwai abin kallo a can.

"In kuma ba ta gani ba?"

"Sai ka tsaya cak ta shafa. Wannan fuskar taka ma ai gara a shafa ta da a gan ta."

Dariya ta ƙwace masa tare da hawaye, har ya shaƙe. "Allah ya isa tsakanina da ke."

"Bawa ba ya yi wa uwar ɗakinsa Allah ya isa. Ka ji hon ko? Ni ba zan shiga ba sai da kai, kuma in motar nan ta tafi ta bar mu, kai za ka goya ni a keken nan har gida. Dube ni da kyau kafin ka yanke shawara."

Ya dube ta tun daga ɗankwali har takalmi, ya dubi siririyar tayar baya.

"A'a, keken bai yi mini laifin komai ba."

Ya zuge 'yar jakar da ke ƙarƙashin sirdi, ya zaro ƙaramin sukundireba. Ta zaci wani gyaran zai tsiro da shi don ɓata lokaci, har ta buɗe baki. Sai ta ga ya sunkuya a kan ƙararrawar, tsohuwa ce, duk ta goge inda yatsansa yake dannawa. Ya kwance ta a hankali, ya hure ƙasar da ke ƙarƙashinta, ya kamo hannun 'Yar Kawu ya sa mata a tafi.

"Ungo. Kin ci, uwar ɗakina."

"Me zan yi da wannan gwangwanin?"

"Ki kai wa yaranki su yi wasa. Daga gobe Inna ba ta buƙatarta, da idonta za ta san na dawo."

'Yar Kawu, wadda tun safe bakinta bai huta ba, ta tsaya tana kallon tafinta. Ta juya ƙararrawar a hannu, ta ja gefen mayafi ta goge ido.

"Hayaƙin motar nan ne," ta ce.

"Na sani. Ni ma shi ne ya dame ni."

"Malam kwandasta! Mayar da tsohon nan sama, kuma kar ka kwantar da shi ta ɓangaren sarƙa, mai shi yana kuka!"

Da suka shiga, mutanen mota suka yi ta sannu da dawowa, dattijuwar baya ta miƙo wani lemon tsamin. 'Yar Kawu ta tsaya a hanyar wucewa, ta nuna masa kujerar taga da haɓa.

"Shige. Ba don kai ba, don kar ka ɓata mini atamfa. In ka ga manomi ka gaishe shi tun daga nesa, ya samu lokacin amsawa."

Ya shige, ya jingina bayansa da kujera, abin da bai yi ba tun safe. Ƙafafunsa suka ɗan motsa, sannan suka tsaya. Ta zauna ta danne sauran wurin, ta zare sabuwar leda ta ɗora masa a cinya, sannan ta ɗaga ƙararrawar sama ta danna ta da babban ɗan yatsa.

Ƙirrr!

"Direba, mu je," ta ce. "Goggo na jiran ganin furfura."